Daga Ina "OK" Ta Fito?

Wannan "OK" da muke turawa a waya ba dare ba rana, da wasa ta fara. A shekarun 1830 'yan jaridar Boston ta Amurka sukan gurɓata rubutun kalma da gangan, sannan su gajarta ta. Ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." a madadin gurɓataccen rubutun "all correct", wato komai daidai. Da ta bi sauran irinta ta ɓace, amma siyasa ta raya ta: a 1840 magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, mai laƙabin "Old Kinderhook" (O.K. a gajarce), suka yi yaƙin neman zaɓe da ita.

Mai koyon Turanci ya ɗauke ta kamar "to" ɗinmu. Amma "k" ita kaɗai kan fita kamar amsar mai fushi, kada a tura wa malami ko babba.