Aure, baftisma da zumunta: tarihin iyalin Kirista a ƙasar Maraɗi

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna so mu duba wani ɓangare na tarihin Kiristanci a kudancin Nijar wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, wato yadda mishan da sababbin masu bi suka yi ta ja-in-ja game da aure da iyali. Masu nazari sun fi mai da hankali ga asibitoci da fassarar littattafai. Mu kuwa a ganinmu, a cikin gida ne aka yi babbar gwagwarmayar, domin can ne mutum yake sanin ko sabon addininsa zai bar masa mata, da gado, da dangi. Littafin da Barbara Cooper ta wallafa a 2006 kan Kiristocin bishara na Sahel ya share fage a wannan fanni, kuma mun amfana da shi.

2. Zuwan mishan

Ƙungiyar SIM ta samo asali a 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyu na farko sun rasu a 1894, Bingham ne ya ci gaba da aikin. A arewacin Nijeriya, Ingilishi sun daɗe suna taƙaita wa'azin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa SIM ta waiwayi yankin Faransa. Ta zauna Damagaram a 1924, sa'an nan David Osborne ya buɗe tashar Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, kafin ƙarshen shekarun 1920. Daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kutare na Danja a 1956.

Tauhidin SIM na masu bishara ne. Littafi Mai Tsarki shi ne hujja ta ƙarshe, kuma ceto yana zuwa ta tubar mutum shi kaɗai, ba ta haihuwa cikin wani gida ba. Da Hausa suke wa'azi, kuma cikakkiyar fassarar 1932, wadda Walter Miller ya yi babban aiki a kanta, ta zama ginshiƙin koyarwarsu. A nan ne matsalar ta faro: bisharar tana kiran mutum ɗaya ɗaya, alhali a ƙasar Hausa gona da aure da suna da jana'iza duk na gida ne.

3. Matsalar samun mata

Yawancin masu tuba na farko maza ne, da dama cikinsu samari masu aiki a tashar mishan. Saurayin da ya tuba yakan tarar da ƙofofi biyu a rufe. A fiƙihun Musulunci, Musulmi yana iya auren Kirista, amma ba a ba da Musulma ga wanda ba Musulmi ba. Mishan kuma, bisa fahimtarta ta wasiƙun Bulus, ba ta yarda mai bi ya auri marar bi ba. Ga shi kuwa a al'ada tuzuru ba ya da cikakkiyar murya a gari. Saboda haka samar da ƴan mata Kirista ya zama aikin bishara shi ma. Makarantar ƴan mata ta Sura, kusa da Maraɗi, tana cikin amsoshin da mishan ta bayar: ana koya karatun Littafi da aikin gida, da fatan a sami matan masu bishara. Wasu kuma suka nemi aure a ikilisiyoyin Nijeriya, abin da ya ƙulla zumunci tsakanin Kiristocin ɓangarorin iyaka biyu.

Ta haka ɗan mishan ya shiga matsayin da al'ada ta ba uba da baffa. Shi ake shawarta game da wadda za a aura, kuma ra'ayinsa yana da nauyi kan sadaki da hidimar biki. Wannan iko ya kare wasu marasa galihu, amma ya kuma zama tushen ƙorafi daga baya.

4. Mai mata biyu da baftisma

Tambaya ta biyu ta shafi magidancin da ya tuba yana da mata fiye da ɗaya. Matsayin mishan shi ne aure na mace ɗaya da namiji ɗaya ne, don haka mai mata biyu ba ya samun cikakken matsayi a ikilisiya, balle shugabanci. SIM ba ita kaɗai take da wannan ra'ayi ba: taron Lambeth na Anglikan ya hana irin waɗannan maza baftisma a 1888, sai a 1988 ya sassauta.

Ya kamata mu lura da abin da dokar take nufi a aikace. In mutum ya saki mace don ya sami baftisma, ya yi saki, wanda bisharar da kanta take ƙyama, ya kuma raba uwa da ƴaƴanta, tun da a al'ada yaran da aka yaye na gidan uba ne. In ya riƙe matansa, ya zauna a gefen ikilisiya. Magidanta masu gonaki da faɗa a ji su ne dokar ta fi shafa, wato waɗanda tubarsu za ta iya jawo gida gaba ɗaya. Muna ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa ikilisiyar ta girma a hankali, ta kuma fi samun matasa da baƙi da majinyata.

5. Dokar Faransa da ta ƙasa

Gwamnatin mulkin mallaka tana da nata tsarin. Dokar Mandel ta 1939 ta wajabta yardar ma'aurata, ta sa shekara 14 ga yarinya da 16 ga yaro. Dokar Jacquinot ta 1951 ta taɓa batun dukiyar aure, ta kuma ba miji damar yin alkawarin zama da mace ɗaya. A ƙauyuka dai al'ada ce ta ci gaba da aiki. Bayan samun ƴancin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta bar aure da saki da gado a hannun al'adar masu ƙara. A ƙasar Maraɗi al'adar ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, inda bambancin addini yake hana gado. Kirista ɗan gidan Musulmi yana iya rasa gonar ubansa, sai fa in dangi sun yi masa alheri. Daftarin dokar iyali na farkon shekarun 1990 bai sami shiga ba, saboda adawar ƙungiyoyin Musulunci.

Akwai kuma batun lakwal. Dokar 14 ga Fabrairu 1922 ta ce makarantu masu zaman kansu da Faransanci za su koyar. Ƴan SIM masu jin Ingilishi ne da Hausa, kuma horar da masu bishara ya fi damunsu. Iyaye Kirista suka ga ƴaƴan da suka bi makarantun gwamnati da na Katolika suna zama ma'aikata, nasu kuwa ba su da takardar shaida. Wannan ciwo ya daɗe a zukatansu.

6. Ikilisiya a matsayin dangi

Ikilisiyar EERN, wadda aka kafa a lokacin samun ƴancin kai, ta gaji waɗannan tambayoyi duka. Abin da masu bi suka rasa a gida, sai suka gina shi a ikilisiya. Sun riƙe bikin suna, fasto yana yin addu'a a wurin da liman yake yi. Sun riƙe sunaye irin su Ibrahim da Musa da Maryama, waɗanda addinan biyu suka sani. Zumuntar mata, da waƙoƙinta da kiɗanta da gudummawarta, ta ɗauki nauyin da ƙawaye da dangi suke ɗauka ranar biki ko rasuwa. Rabuwar da ta auku a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, wadda ta haifar da UEEPN da ikilisiyar Salama, ta zo ne bayan aure ya riga ya sarƙe gidajen, shi ya sa zafinta ya shiga har cikin dangi.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa tauhidin tubar mutum ɗaya ya gamu da al'ummar da take ƙirga mutane gida gida, kuma masu bi na ƙasa su ne suka samo hanyar zama tsakani. Ƙone-ƙonen majami'u a Maraɗi a Nuwamba 2000, da na Damagaram da Yamai a Janairu 2015, sun sa wasu suna kallon al'ummomin biyu kamar ba abin da ya haɗa su. Tarihin aure yana nuna cewa sau da yawa kaka ɗaya gare su. Muna ba ɗalibai shawara su nemi rajistar aure da baftisma ta ikilisiyoyi, su gwama ta da ƙararrakin gado na kotuna da na fada, su kuma ɗauki hirar tsofaffin mata tun suna da rai.