Tallafin Manoma a Zamanin Korona: Abin da Rajista Ta Yi wa Gundumar Sioux

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tarihin tallafin da gwamnatin Amurka ta bai wa manomanta a shekarar 2020 ya tabbatar da wannan zance.

Gundumar Sioux tana arewa maso yammacin jihar Ayowa, kuma yanki ne na karkara da ya shahara da noman masara da kiwon shanu da aladu. Da annobar korona ta kunno kai, sai manyan mayanka suka rufe saboda ma'aikatansu sun kamu, dabbobi suka rasa masaya. Motoci kuma suka daina zirga-zirga, farashin masarar da ake tace man mota da ita ya faɗi.

A watan Afrilun 2020 ma'aikatar gona ta Amurka ta sanar da shirin agaji na dala biliyan 19. Daga ciki an ware biliyan 16 don biyan manoma kai tsaye, biliyan 3 kuma don sayen amfanin gona a raba wa mabuƙata. An fara karɓar takardun nema ranar 26 ga Mayu, aka kuma ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai karɓi fiye da dala 250,000 ba. A watan Satumba aka ƙara zagaye na biyu.

Sirrin saurin biyan shi ne rajista. Tun shekarun 1930 ma'aikatar take da ofisoshi a gundumomi, masu riƙe da sunan manomi da faɗin gonarsa, tare da kwamitin da manoman yankin suke zaɓa da kansu. Makiyayi zai bayyana adadin shanunsa, a lissafa masa, kuɗi su shiga asusunsa. Duk da haka an soki shirin, domin an biya ne gwargwadon yawan dukiya, manyan gonaki suka kwashi kaso mafi tsoka.

A Nijeriya ma an yi yunƙuri a wannan shekara. Babban Banki ya ware rancen naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, gwamnati kuma ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunanta. To amma rancen ta intanet ake nemansa, da lambar BVN, alhali manomin ƙauye da yawa ba shi da ko asusun banki. A watan Oktoba jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da wasu garuruwa.

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, annoba ta wuce, amma fari da ambaliya ba su yi mana alkawari ba. Ya kamata ƙungiyarmu ta haɗa kai da masu unguwanni da dagatai, a rubuta sunan kowane manomi da gonarsa da dabbobinsa, a kuma taimaka masa ya buɗe asusu. Wanda sunansa ba ya cikin littafi, ranar rabo sai dai ya ji labari. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.