Darasin Fairbairn a Titunan Shanghai

Sau da yawa akan yi gardama ko kokawa da damben da ake koya a makaranta suna da rana in faɗa ya ɓarke a titi. Tarihin William Fairbairn ya ishe mu misali.

Wannan Baturen Ingila ya shiga aikin ɗan sanda a birnin Shanghai na ƙasar Sin a 1907. Bai daɗe ba 'yan daba suka yi masa rubdugu, suka bar shi rai a hannun Allah. Da ya warke sai ya duƙufa koyon jujutsu da judo, watau kokawar Japanawa. Amma ya lura ɗan daba ba ya bin doka. Da wuƙa yake zuwa, da 'yan'uwansa, ba kuma alƙalin da zai raba. Saboda haka ya watsar da duk dabarar da sai an natsu ake yin ta, ya riƙe 'yan kaɗan da jiki zai tuna cikin firgici. Ya tattara su a littafinsa Defendu a 1926, daga 1940 kuma ya koya wa sojojin kundumbala na Ingila.

Ashe horo yana da amfani, amma sai wanda aka auna da halin titi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.