Balaraba Ramat Yakubu: Rayuwarta da Rubutunta

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana cikin marubutan da suka kafa harsashin littattafan soyayya na Hausa a shekarun 1980. An haife ta a birnin Kano a shekarar 1959, kuma ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar Najeriya da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Duk da wannan nasaba, alƙalaminta ne ya fito da sunanta.

Tana 'yar shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren da bai yi ƙarko ba. Ita da kanta ta sha bayyana cewa yankewar karatunta ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa maimakon Turanci. Abin da ya same ta a wannan shekaru shi ne ya zama jigon yawancin labaranta: auren wuri, auren dole, kishi, saki, da halin da mace ke shiga idan miji ya yi watsi da ita da 'ya'yanta.

Littattafanta

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, inda ta zana hoton attajirin da ya mai da aure da saki tamkar sauya riga. A 1990 ta fitar da littattafai biyu da suka fi shahara.

Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar da aka raba da makaranta, saurayinta ya guje ta saboda rashin ilimi, sannan mahaifinta ya aurar da ita ga wani dattijo, Sarkin Noma. Abu ta gudu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Alhaki Kuykuyo Ne kuwa labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro Delu. Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar sayar da abinci, shi kuma gobara ta cinye dukiyarsa. Sai dai marubuciyar ba ta rufe labarin da murna zalla ba, domin a ƙarshe dangi sun matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta. Wannan ƙarshe yana barin mai karatu da tambaya kan wanda ya ci riba da sulhun.

Yadda ake buga littafi ba tare da kamfani ba

Kafin zamaninsu, marubucin Hausa kan jira manyan kamfanoni irin su NNPC da ke Zariya, wanda ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, waɗannan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. A daidai lokacin kuma masu iya karatun Hausa suka ƙaru, sakamakon shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci na Jihar Kano.

Sababbin marubuta sai suka ɗauki nauyin komai da kansu. Marubuciya za ta rubuta labarinta da hannu, ta biya mai buga tafireta, ta biya maɗaba'a, sannan ta kai littafin ga 'yan kasuwa su sayar. Sau da yawa akan raba labari kashi biyu ko uku, kuɗin da kashi na farko ya kawo shi za a buga na biyu da shi. Idan littafi bai karɓu ba, asarar tata ce ita kaɗai. Balaraba ta buga ayyukanta da sunan kamfaninta, Ramat General Enterprises, kuma ta kasance cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Wannan 'yanci ya ba ta damar faɗin abin da take so ba tare da edita ya tace mata ba.

Salonta

Harshenta mai sauƙi ne, irin Hausar da ake ji a tsakar gida, cike da karin magana da habaici. Takan ba hirar jarumai fili sosai, ta bar mai karatu ya gane halin kowa daga bakinsa. Ko da yake ana lissafa ta cikin marubutan soyayya, ta fi mai da hankali kan abin da ke biyo bayan ɗaurin aure: cefane, kuɗin makaranta, zaman kishiyoyi. Takan kafa hujjarta kan haƙƙoƙin da Musulunci ya ba mace, ta nuna yadda al'ada da son zuciya ke tauye su.

Suka da karɓuwa

Littattafan wannan zamani sun sha suka. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su a muhawarar da aka daɗe ana yi a jaridu. A 2007 har an ƙona wasu littattafan Hausa a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya.

Duk da haka ayyukanta sun ci gaba da yaɗuwa. A 1998 Abdulkareem Muhammad ya mai da Alhaki Kuykuyo Ne fim. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi wa littafin, abin da ya kai labarin Rabi ga masu karatu a wajen ƙasar Hausa. Ita ma ta shiga harkar fim, inda ta rubuta kuma ta shirya Juyin Sarauta. A yau ɗaliban jami'o'i a gida da waje suna nazarin littattafan matar da aka cire daga aji tana 'yar shekara 13.