DAGA DANDALI ZUWA ALJIHU: TARIHIN GEM DA AIKIN DA YA DAWO KAN IYAYE

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma a ƙarshe za mu dawo kan wayar da ke hannunka.

Idan kai magidanci ne a Sharabi, ko Kaoje, ko Illo, ko wani gari na ƙaramar hukumar Bagudo can bakin iyakar Benin, wataƙila ka san wannan. Ka dawo daga gonar shinkafa ko kasuwa, ka ajiye waya ka tafi masallaci. Kafin ka dawo ta yi ƙafa. Sai ka iske ta a hannun yaro a bayan ɗaki, caji ya kusa ƙarewa, data ta tafi, ka kira sunansa sau uku bai ji ba. To ya aka yi muka zo nan?

Tuna yarintarka tukuna. Kai ma ka yi wasa, ba kaɗan ba. Langa a farin wata, kokawa bayan girbi, dara a gindin bishiya, 'yan mata kuma ga carafke da gaɗa. Wasan nan a fili ake yin sa, duk babban da ya gifta yana gani kuma yana da ikon tsawatarwa, domin ɗa na kowa ne. Yana da lokacin tashi, dare ya yi kowa ya kama gidansu. Kuma ba ya cin sisin kowa. Mahaifinka bai taɓa zama ya tsara maka dokar langa ba, dandalin da kansa shi ne dokar.

Shi gem na na'ura daga nesa ya taso. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Pong, ɗan ɗigo ne kawai da sanduna biyu ke bugawa a allo. A 1983 Nintendo na Japan ya fitar da Famicom wadda ake jonawa da talabijin, sai Super Mario Bros. ya biyo baya a 1985. Mu nan kwaikwayonsu ne ya fi iso mana: na'urar nan mai kaset ruwan ɗorawa, da ɗan ƙaramin gem na hannu mai batir da ake jera bulo, wanda asalinsa Tetris ne da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Wanda ya san harkar iyaka ya san yadda kayan lantarki na gwanjo ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Legas kafin su hauro Arewa.

Sai zamanin shago. Sony ya fitar da PlayStation a 1994, sai PlayStation 2 a 2000. Mutum ya samu talabijin biyu da benci da ɗan janareta, shi ke nan ya buɗe gidan gem. Ka biya kuɗin wasa ɗaya, a buga ƙwallon Winning Eleven ko faɗan Mortal Kombat, wanda aka ci ya tashi. A nan iyaye suka fara kuka: an aiki yaro cefane canji ya ɓace, an tura shi Islamiyya ya zarce shago. Amma duk da haka uba ya san ƙofar shagon, ya san mai shagon, yana iya zuwa ya kamo ɗansa da hannu. In mai ya ƙare a janareta, wasa ya tashi.

Ba mu kaɗai muka damu ba. A Disamban 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan zubar da jini a gem irin Mortal Kombat. Abin da ya biyo baya shi ne kafa ESRB a 1994, wadda ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane gem. Turai ta yi nata mai suna PEGI a 2003. Matsalarmu ita ce faifan da ke zuwa mana kwafi ne, ba mai duba tambarin shekaru. Shi ya sa GTA San Andreas na 2004, wanda aka yi wa tambarin manya, yara 'yan firamare suka yi ta buga shi a shaguna.

Babban canji ya zo ne da waya. A Agustan 2001 aka fara GSM a Najeriya, kuma da yawanmu gem ɗinmu na farko a waya shi ne macijin nan na Nokia 3310. Wannan da sauƙi, maciji ya ciji jelarsa ka ajiye. Da Android mai araha irin su Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwa, labari ya sha bamban. Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Ko inda sabis ba ƙarfi, yaro zai je shagon caji a tura masa gem, ko abokinsa ya tura masa ta Xender.

Yanzu ka dawo kan abubuwan nan na dandali ka gani. Fili ya tafi, domin wasan ya koma ƙarƙashin bargo, kuma abokin wasan yana iya zama ƙato a wata ƙasa da ke magana da ɗanka ta murya kai tsaye. Lokacin tashi ya tafi, domin irin wannan gem ba ya ƙarewa, da gangan aka tsara shi da kyautar kullum wadda in ka yi fashi ta wuce ka. Batun kuɗi ma ya canja. Saukar da gem kyauta ne, amma a ciki ake sayar da lu'ulu'u da kaya da bindigogi. Akwai kuma akwatin sa'a, ka biya ba ka san me zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan akwati caca ne. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520 a Amurka kan tattara bayanan yara da kuma cirar kuɗin da mutane ba su yi niyyar kashewa ba.

To gem yana lalata yara ke nan? A yi adalci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita gem kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma yawanci a ɗauki wata 12 a haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga masu buga gem ke kaiwa nan. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka kuma ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar cewa gem ne ke sa mutum aikata ta'asa, ko da yake yana da 'yar alaƙa da saurin fushi da tsawa. Akwai yaran da suka tsinci Turanci da lissafi da haƙurin warware matsala a gem. Abin da ya fi cutarwa shi ne abin da gem ke cinyewa: barci, hadda, aikin makaranta, sallah a kan lokaci, taya uwa aiki.

Ƙasar Sin ta ɗauki matakin gwamnati a Agustan 2021: 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai za su buga gem na intanet, daga 8 zuwa 9 na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Kai a Sharabi ba wanda zai kashe maka gem daga Abuja. Gadin da dandali da mai shago suke yi a da, yanzu kanka ya dawo. Ga inda za ka fara:

1. Buɗe Play Store, taɓa hotonka a sama, shiga Settings, sai Family, sai Parental controls. Kunna shi, sa lambar sirri, zaɓi iyakar shekaru. A ƙarƙashin sunan kowane gem za ka ga 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+.

2. A cikin saitin Play Store ɗin, sa a riƙa neman tabbaci kafin kowane saye. Lambar sirrin manhajar bankinka kuma kada yaro ya san ta.

3. A saitin waya nemi Digital Wellbeing, ka sa wa gem iyakar minti. Lokaci na cika zai rufe sai gobe. In yaro na da wayarsa, Family Link na Google zai ba ka damar yin haka daga taka wayar.

4. Ka sani cewa gem ɗin da aka turo ta Xender bai bi ta Play Store ba, matakin farko ba zai tare shi ba. Don haka riƙa duba wayar da idonka lokaci-lokaci.

5. Waya ta kwana a ɗakinka, wasa kuma a yi shi a tsakar gida inda kowa ke gani, bayan an gama karatu da aiki.

Na ƙarshe ba a saiti yake ba. Zauna kusa da shi minti goma, ka ce ya nuna maka yadda ake bugawa, ka tambaye shi su wa yake wasa da su. Yaron da aka ƙwace wa waya da duka, gidan maƙwabta zai koma ya buga inda ba ka gani. Wanda aka yi yarjejeniya da shi kuma aka cika masa alkawari ya fi saurin miƙo ta in lokaci ya yi. Iyaye mata, ku kuka fi zama da su, ku ma ku riƙe lambar sirrin. Kuma in kai ma kana kan Ludo har ɗayan dare, to gyaran daga kanka zai fara.

Wane gem yaranku suka fi bugawa, kuma wace dabara ce ta yi muku aiki? Ku faɗa mana, wani zai ƙaru. Allah Ya shirya mana zuri'a.