Lambar Yabo da Ceton Rai: Yadda Aka Fara Amince wa Matasa da Agajin Gaggawa

A ƙarni na 19, masana'antu da ma'adinai da hanyoyin jirgin ƙasa sun yawaita a Ingila, haɗurra ma suka yawaita tare da su. Sau da yawa ma'aikaci kan zubar da jini har ya cika kafin likita ya iso. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar St John Ambulance a 1877, don koya wa talakawa tsayar da jini, da ɗaure karaya, da ɗaukar wanda ya jikkata. A 1887 ta kafa rundunar ƴan sa kai masu kayan sarki, waɗanda ke tsayawa a wuraren taro. Amma duk wannan aikin manya ne. Yaro ɗan kallo ne kawai.

Sai a 1922, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyar ta buɗe reshen samari da ƴan mata. A 1931 ta fito da lambar yabo mai suna Grand Prior. Ba a samun ta da jarrabawar yini ɗaya: sai matashi ya tara takardun ƙwarewa a fannoni dabam-dabam, sannu a hankali, shekara bayan shekara.

Wanda ya ba wannan tafarki tushe a fagen tarbiyya shi ne Kurt Hahn, malamin makaranta Bajamushe. Gwamnatin Hitila ta tsare shi a 1933, ya yi hijira zuwa Birtaniya, ya kafa makarantar Gordonstoun a Sikotilan a 1934. A ganinsa, babbar cutar matasan zamani ita ce raguwar tausayi, kuma wa'azi kaɗai ba ya maganinta. Don haka ya ɗora wa ɗalibansa aikin gaske: tsaron gaɓar teku don hango jiragen da ke cikin haɗari, da kashe gobara. Wanda aka damƙa wa ran wani, shi ne ke sanin darajar nasa.

Yarima Filib, mijin Sarauniya Elizabet, ɗalibin Hahn ne. A 1956 ya ƙaddamar da lambar yabo ta Duke of Edinburgh, John Hunt, jagoran ayarin da ya hau dutsen Everest a 1953, ya zama shugabanta na farko. Da samari aka fara, ƴan mata suka shiga a 1958. Ɗaya daga cikin sassanta huɗu na farko shi ne ceto da hidimar jama'a. Tana da matakai uku: tagulla, azurfa da zinariya, kuma ta bazu a ƙasashe fiye da 100. Ba gasa ba ce. Kowa da jiyansa ake auna shi.

A Nijar ma, inda aka kafa ƙungiyar Croix-Rouge ta ƙasa a 1963, matasa na koyon agajin gaggawa. Abin da tarihin nan ke tuna wa malamai shi ne, aikin ne ya riga lambar zuwa. Idan aka raba lambobi ba tare da an bar matashi ya riƙe bandeji a filin ƙwallo ko bakin hanya ba, an yi ado ne kawai. Ranar da babur ya kayar da mutum a ƙofar makaranta, ba wanda zai tambayi takarda. Hannun da ya saba ake nema.