Daga Lofe Zuwa Shisha: Yadda Aka Sa Wa Taba Ƙamshi A Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na hikaya ya san cewa idan marubuci yana so ya nuna yaro ya lalace, ba sai ya yi dogon bayani ba, sai kawai ya maƙala masa karan sigari a baki, ya tsayar da shi a bakin tasha. To amma idan wani attajiri ne, ko tsohon ma'aikaci da ya yi zamani da Turawa, sai a ba shi lofe, a zaunar da shi kan kujera mai taushi, a ce ƙamshi ya cika falo. Na farko ɗan iska, na biyu dattijon kirki, alhali kuwa ganye ɗaya suke ƙonawa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu ɗan waiwayi tarihin wannan ganye a yankinmu na Ikara da Makarfi da Kudan, mu ga daga ina ƙamshin ya samo asali, da kuma irin aikin da ya yi mana.

Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ba a raba shi da lofe. Bayan La'asar zai fito da tabarma, ya buɗe wani ɗan gwangwani mai faɗi, ya tsakuro taba mai danshi, ya dinga danna ta cikin lofen da babban yatsa kamar mai aikin da ba a so a yi kuskure. In ya ƙyasta ashana ya ja sau biyu sau uku, sai wani ƙamshi kamar na alewa ya gauraye ƙofar gidan. Mu yara har gewaye shi muke yi don mu shaƙa. A can gefe kuma akwai wata tsohuwa mai sayar da taba gari, wadda ko kusa da battarta ba mu son zuwa, saboda atishawar da za ta kama mutum. A lokacin ban san cewa tarihin shekaru ɗari huɗu ne yake zaune a tsakanin waɗannan mutane biyu ba.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani cewa taba baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma sai bayan da Kolombus ya isa can a 1492 Turawan Sifen da na Fotugal suka fara yaɗa ta a duniya. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta riga ta shigo Afirka ta Yamma, ta bakin teku da kuma ta hanyoyin ayari. Saurin bazuwarta ya kai har masu binciken kufai sukan yi amfani da ita wajen ƙiyasta shekarun gari: in an tono fasassun lofen yumɓu a wani wuri, to galibi an zauna a wurin bayan shekarar 1600 ke nan.

Zuwanta ke da wuya sai malamai suka rabu. Shehin malamin nan na Tambutu, Ahmad Baba, ya yi rubutu a kanta a 1607, inda ya tafi a kan cewa ba ta haramta ba matuƙar ba ta gusar da hankali. A cikin wannan ƙarni kuma wani malami na ƙasar Bagarmi, Muhammad al-Wali, ya rubuta hujjojinsa na haramta ta. A Istambul, Sarki Murad na huɗu ya hana shan ta a 1633, har da hukuncin kisa. A ƙarni na 19 daular Masina ta Shehu Ahmadu Lobbo ita ma ta hana. Duk da haka taba ba ta fasa tafiya ba. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, da ya sauka Katsina a 1853 yana shirin tafiya Tambutu, sai da ya sayi tabar Katsina ya sa cikin kayansa, domin ya ji labarin darajar da take da ita a can. Wato a wannan lokaci Bahaushe ya riga ya ƙware a nomanta har ta zama hajar fatauci.

Yankin arewacin Zazzau kuwa yana kan hanyar ayarin da ta haɗa Kano da Zariya, ga fadamu, ga garuruwan saƙa da rini irin su Kudan da Hunƙuyi, saboda haka duk abin da fatake suke ɗauka sai ya bi ta nan. Taba kuma shuka ce mai son ƙasa mai taki da danshi. Akan yafa irin, in ya yi ƙwari a dasa a fadama ko a bayan gida inda ake zuba toka da kashin dabbobi, in ganye ya ƙosa a yanke, a shanya a inuwa har ya koma ja. Daga nan wani a daka shi da kanwa ya zama taba gari, a zuba a batta, mai shaƙa ya shaƙa, mai ƙunsawa a leɓe ya ƙunsa. Wani kuma a murmushe shi a cusa a tukunyar taba ta yumɓu mai dogon kara, a ɗora garwashi. Mata su ma suna da nasu rabo, domin furen taba suke gogawa a haƙora tare da goro don ado, har ma kalmar "fure" kaɗai ta ishe su, kowa ya san wanda ake nufi.

Abin lura a nan shi ne, waccan taba ta gargajiya ba ta da sauƙi ko kaɗan. Ganyen da aka shanya a inuwa yakan rasa yawancin zaƙin da ke cikinsa, hayaƙinsa ya yi kaifi, ya ƙona maƙoshi, har ba mai iya zuƙarsa zuwa huhu sai wanda ya daɗe yana yi. Kanwar da ake dakawa da ita kuma tana ƙara sakin sinadarin nikotin, shi ya sa baƙon shiga yakan ji jiri da tashin zuciya tun a karon farko. Masu iya magana sun ce taba ta bambanta da garin gero, kuma a wancan zamani ba sai an gaya wa yaro ba, hancinsa ma ya isa ya gaya masa. Wannan kaifi ya zama tamkar shinge. Tsofaffi da fatake da mafarauta su ne aka fi sani da ita, yaro kuwa in ya gwada sau ɗaya ya sha wuya, da wuya ya koma.

Turawan mulki su ne suka zo da wata irin taba daban. Bayan cin Zariya a 1902 da isar jirgin ƙasa Kano a 1911, kantunan kamfanoni suka kafu a Sabon Garin Zariya, kuma cikin kayan da suke shigowa da su har da sigari da tabar lofe ta gwangwani. Hoton Joji ko Di'o da gajeren wando da lofe a baki ya zauna a idon mutane a matsayin alamar iko da wayewa. Akawuna da malaman makaranta da tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945, da yawansu sun kwaikwayi wannan ɗabi'a. Lofen katako mai sheƙi ya zama na ɗan boko, tukunyar yumɓu ta zama ta baƙauye.

To mene ne a cikin gwangwanin da ya sa take ƙamshi haka? Sirrin ba wani mai nisa ba ne. Akwai nau'in ganye da ake kira Burley, wanda aka gano farin irinsa a jihar Ohayo ta Amurka a 1864. Shi ma a inuwa ake shanya shi, ba shi da zaƙi, amma yana tsotse ruwa kamar soso. Sai a jiƙa shi da ruwan sukari ko ɗanyen madin rake, da koko, da saiwar wani tsiro mai zaƙi, a turara shi, a danne shi da nauyi na wani lokaci har ya yi laushi ya yi duhu. Wannan aiki shi ake kira Cavendish. Bayan an yanka sai a fesa masa ƙamshi na ƙarshe, na banila ko na 'ya'yan itace, wasu ma har da giya ake yi musu wannan feshi, abin da da yawa cikin dattawanmu masu shan ta ba su taɓa sani ba. A haɗa da ganyen Bajiniya, wanda ake gasawa da zafin bututu a rumbu na musamman don zaƙinsa ya tsaya a ciki. Sakamakon shi ne hayaƙi mai laushi wanda ba ya fusata maƙoshi, ba ya kuma korar na kusa. Nikotin ɗin yana nan, kwaltar da ke cikin hayaƙin tana nan, kaifin nan da ke yi wa jiki gargaɗi shi kaɗai aka rufe.

Sai dai tabar lofe tana da tsada, tana kuma son natsuwa da lokaci, don haka ba ta taɓa zama ta talaka ba. Sigari ce ta kai wannan laushi ga kowa. Kamfanin British American Tobacco ya fara harka a Nijeriya tun 1912, ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, aka kafa Nigerian Tobacco Company, wato NTC, a 1951, sannan a 1959 aka buɗe masana'antar Zariya. Daga nan labarin taba a yankinmu ya sauya. Kamfani ya shiga ƙulla yarjejeniya da manoman fadamu a lardunan Zazzau da Sakkwato: ya ba da iri, malaman gonarsa su nuna yadda ake dashe da shanya, in kaya ya yi kuma shi ne mai saye, shi ne mai tantance daraja, shi ne mai yanka farashi. Manomi ya samu kuɗin rani, ba a musun wannan, an yi aure da kuɗin taba, an sayi kekuna da kwanon rufi. To amma ganyen da ya noma shi ake naɗowa a farar takarda a dawo da shi teburin mai shayi, ana sayar wa ɗansa kara ɗai-ɗai. Masu shekaru ba su manta Three Rings da ake ce wa mai zobe ba, ko Sweet Menthol mai sanyaya maƙoshi, wadda ita ma dabararta ɗaya da ta tabar gwangwani, wato a kashe zafin don baƙo ya iya jurewa.

A daidai lokacin da ake gina waɗannan masana'antu, likitoci a Turai sun riga sun fara gano illar. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka buga bincikensu a Ingila da ya danganta shan taba da ciwon dajin huhu, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Wasu suka gudu daga sigari suka koma lofe, wai tunda ba a zuƙa har ciki babu laifi. Bincike ya nuna mai lofe shi ma yana cikin haɗarin ciwon dajin leɓe da harshe da maƙogwaro. Kamfanoni kuma suka shiga rubuta wa kwalayensu kalmomi masu nufin "mai sauƙi" da "marar nauyi". Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda aka amince da ita a 2003, Nijeriya kuma ta tabbatar a 2005, ta nemi ƙasashe su hana irin waɗannan kalmomi saboda yaudara ce. A gida, an yi dokar soja ta hana shan taba a wuraren jama'a a 1990, sannan dokar ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai. Tarayyar Turai ta hana sigari mai mentol a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara.

Yau in ka bi ta fadamun Makarfi da Kudan, rake da tumatir da albasa da barkono ne za su cika maka ido, mazarƙwailar Makarfi ta yi suna, Ikara kuma an san ta da tumatir. Lofe ya kusa ɓacewa, sai a fim ko a littafi. Sai dai dabarar da ke cikin gwangwanin dattijon unguwarmu ba ta mutu ba, ta sake riga ne kawai. Tun farkon shekarun 1990 aka fara yaɗa wata taba daga Masar wadda ake cuɗawa da madi da ƙamshin tuffa da inabi da na'ana'a, ita ce ake ɗorawa a kan tukunyar shisha. Hayaƙin ya bi ta ruwa ya yi sanyi, ya yi zaƙi, ɗaki ya ɗauki ƙamshi kamar an kunna turaren wuta. Yaron da zai ji kunyar a gan shi da sigari, da yarinyar da ko a mafarki ba za ta taɓa kara ba, sai ga su suna karɓa-karɓa da bututu ɗaya, suna cewa ai wannan ba taba ba ce, 'ya'yan itace ne. Taba ce, ga kuma hayaƙin gawayi a kai, kuma zama ɗaya yakan ɗauki kusan awa guda.

Ba ina cewa tabar kakanninmu ba ta da illa ba ne, ita ma ta ci haƙora da ƙirazan mutane da dama. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, ita ba ta ɓoye halinta ba, kuma duk matakin da aka ɗauka na sassauta ta, daga gwangwani zuwa kwali, daga kwali zuwa tukunyar gilashi, ya ƙara yawan masu shiga ne, ya kuma rage shekarunsu. Iyaye da yawa har yanzu warin sigari suke nema a rigar ɗansu, alhali abin da ya shigo gidan ƙamshin tuffa yake yi.

Ga marubutanmu kuma ina da ɗan roƙo. In za ku ba attajirin labarinku lofe, ko ku zaunar da jarumarku a gaban shisha don nuna wayewa, ku daure ku bi su har zuwa babin da tari yake farawa. Dattijon unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, a ƙarshen rayuwarsa muryarsa ta dushe har sai an matso ake jin abin da yake faɗa, kuma shi da kansa ya riƙa korar mu in ya ga mun zo shaƙar hayaƙin. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu son bari ikon bari, amin.